Wa Ya Ce Ki Liƙe Bangon?

Duk ranar da za a tashi nakiya a wurin fasa dutse, Mai Usur ne yake gangarowa da jar tutarsa ya tsaya a ƙofar gidan Gwaggo ya yi sallama. Ba ya zuwa gidan kowa sai nata, don babu sauran gidan kowa. Maƙwabta sun kwashe tuntuni, wasu sun sayar, wasu ƙura ta kore su. Ita kaɗai ta rage a tsohon gidan mahaifinta, gida mai ɗakuna birjik, kowanne da kwaɗo a ƙofa in ban da nata.

"Gwaggo, a fito, za a saki abin."

"Yau ma? Wai ku ba kwa gajiya ne?"

"Mu mun gaji, Gwaggo. Masu gini ne ba su gaji ba."

Sai ta naɗe tabarmarta ta bi shi zuwa gindin mangwaron da ke ƙarshen gona, su zauna, ta toshe kunne. Ƙasa ta girgiza, kwanon rufi ya amsa, farar ƙura ta tashi ta rufe rana. Kafin ta lafa sukan ɗan taɓa hira, ya ba ta labarin matarsa mai faɗa, ita kuma ta yi masa tsiyar cewa da wannan hular kwano ko ita ba za ta saurara masa ba. Wannan 'yar hirar ita ce maganar da take yi da mutum a yini guda. Abin kunya ne ta faɗa, amma har jiran ranar nakiya take yi.

Da can dutsen nan shi ne bangon duniyarta. Daga ƙofar gida ake hango shi, baƙi ƙirin, itatuwa sun manne a kafaɗarsa, ga ƙorama tana tsattsafowa daga gindinsa ta ratsa gonaki. Da la'asar inuwarsa takan sauko ta lulluɓe gidan. Yanzu an cinye rabinsa, abin da ya rage fari ne fat kamar ƙashin da kare ya gwagwiya, rana kuwa sai ta gasa tsakar gida har ta faɗi.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa ba wanda ya yi kururuwa. Ƙorama ce ta fara zama laka, sannan ta ɗauke. Rijiya ta yi ƙasa har Gwaggo ta ƙara wa igiyar guga tsohon zani. Hanyar tifofi ta raba gona biyu. Ƙudan zuma suka daina zuwa, kabewa ta yi ta fure tana zubarwa. Kaji suka yi ta kwanci ba ƙyanƙyasa, girgiza ta kashe ƙwan. Ruwan da ake wanke tsakuwa da shi kuma ya riƙa malalowa cikin gona da garin dutse, in ya bushe ya yi ɓawo, ka sara da fartanya ta yi ƙara kamar ka sari daɓe.

Wanda ya ba kamfani dutsen shi ne Babba, babban ɗan wanta marigayi, magajin gidan. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta goye shi da aka yaye shi, har yau akwai tabon haƙoransa a kafaɗarta. Shi ya yanka wa kamfani gefen dutse, sannan gangaren, sannan gonar sama. Ya gina gida a gari, ya turo mota aka kwashe kowa da kowa, har da turmi da akurkin zabi. Ranar tashi ya durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ɗakinki ne kawai ba a ƙarasa ba. Ba zan sa ki a ɗakin yara ba, girmanki ya wuce nan. Ki ɗan riƙe mana gidan, da an sa rufi zan zo da kaina."

Ta ji daɗin maganar har ta sa masa albarka. Aka sa rufi, sai ya zama saura filasta. Aka yi filasta, sai daɓe bai bushe ba. Daɓe ya bushe, sai kafinta ya gudu da ƙofa. Kai, ɗaki ɗaya ya ci uzurin da zai gina unguwa! Duk sanda Babba ya zo da ɗan buhun hatsi da sabulu, ba ya ko kashe mota. A gari kuwa, in an tambaye shi ina Gwaggo, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Mun yi, mun yi, ta ƙi. Kun san tsofaffi da kufai."

Ƙarya yake yi. Ba abin da Gwaggo take so a duniya irin ɗakin nan. Ba don filasta ba, ba don fitila ba. So take ta farka ta ji yara suna faɗa a kan takalmi, ta ji wata tana kwankwasa tukunya, a taka mata tabarma ta yi masifa. Ta gaji da cin abinci ita kaɗai tana kallon ƙofofi.

Wata ranar rani sai ga Babba, wannan karon har ya kashe mota ya shigo. Ya zaga gidan yana duban bango. Tsaga ta ratsa ɗakin Gwaggo daga rufi har ƙasa, hannu yana shiga. Katangar baya ta dare, zaure ya karkace. Ya tsaya ya saurari tarinta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya gyaɗa kai.

"Gwaggo, mako mai zuwa zan zo da baƙo daga kamfani. In Allah ya yarda, daga wannan zuwan zamanki a nan ya ƙare."

Ya shiga mota ya tafi. Ita kuwa kalma biyu ta ji: baƙo, da ya ƙare.

Baƙo zai shigo gidan mahaifinta ya tarar da shi haka? Bango a wage, ƙura har idon sawu, ya koma ya ce ashe 'yan gidan su Babba ƙazamai ne? Ina! Ba da ranta ba. Ba za ta bari a raina yaron a gaban manyan mutane ba.

Tun da asuba ta hau aiki. Ta haƙo jar ƙasa daga bayan ɗaki inda garin dutse bai kai ba, ta yayyanka busasshiyar ciyawa, ta kwaɓa da ruwan da take tattali na sha. Ta jawo tsohon benci ta hau, ta riƙa cusa yaɓe a tsaga da yatsu tana shafewa da tafin hannu. Ta faɗo sau ɗaya, ta zauna ta yi hawaye, ta sake hawa. Da yaɓen ya sha iska sai dabara ta zo mata: ta kwaso garin dutsen nan da ya hana ta noma, ta dama, ta shafe bangon da shi ya yi fari tas. Ta share tsakar gida, ƙura ta dawo, ta sake sharewa. Har ganyen mangwaron da hannunta yake kaiwa sai da ta goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Mai Usur ya leƙo ya riƙe baki.

"Gwaggo, aure za ki yi ba gayyata?"

"Tashi zan yi, ɗan nema. Ka nemi wadda za ka riƙa firgitawa."

Ranar zuwan baƙo ta dafa citta ta sha har maƙogwaro ya yi laushi, ta rambaɗa kwalli don ya ɓoye jan ido, ta ɗaura zanin da ke ƙasan akwati. Mota ta tsaya. Babba ya shigo gaba yana magana da ƙarfi, bayansa wani matashi mai farar hular kwano da waya a hannu, mai duba ɓarna na kamfani.

"Zo ka gani da idonka, ranka ya daɗe. Hannu yana shi..."

Babba ya tsaya a gaban bango fari sumul yana shafawa, yana neman tsagarsa kamar wanda ya yar da kuɗi.

Matashin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton bangon, ya ɗauki tsakar gida, ya ɗauki koren ganyen mangwaro. Sannan ya rusuna ya gaida Gwaggo.

"Mama, ƙurar nan tana damunki?"

To, mace mai tarbiyya takan kai ƙara wurin baƙo a gaisuwar farko? Tunda uwarta ta haife ta, in an ce yaya gida, lafiya take cewa ko da gawa a ɗaki.

"Lafiya lau, ɗana. Mun gode Allah."

"An ce kina tari."

"Ɗan abin da ba a rasa ba ne, na tsufa."

"Ƙarar nakiya fa?"

"Ai ana zuwa a gaya mini. Yaran naku suna da kirki."

Ta haɗiye tarin da ya taso mata har idonta ya kawo ruwa, ta miƙa masa ruwan da ta tace da ƙyalle. Ya sha, ya yi godiya, ya dubi Babba ya ce shi dai bai ga abin da aka kira shi ya gani ba, zai jira a mota.

Ko zaure bai gama fita ba Babba ya juyo.

"Wa ya ce ki liƙe bangon?"

"Babba, baƙo ne fa..."

"Wa ya sa ki? Shekara nawa ina jiran tsagar nan ta yi girma! Kin san wahalar da na sha kafin su yarda su turo mutum? Lafiya lau! Mun gode Allah! Gwaggo, kin kashe ni!"

Ta dafa bango. Yaɓen nata ne, har yanzu da ɗan sanyi.

"Jira kake ta yi girma?"

Ya sauke murya, ta koma irin ta mai lallashi, wadda ta fi ihun ciwo. Ya ce ta duba nauyin da ke kansa: yara a makaranta, ƙanne ba aiki, kowa shi yake kallo. Ya ce kufai ba shi da daraja, in babu mutum a gida katafila za su sa su ture, su ba da abin da suka ga dama. Amma in akwai tsohuwa a ciki, bango yana tsagewa a kanta, tana tari, dole su biya diyya mai kauri. Ya ce ai don amfanin kowa ne, har da ita.

"Zamanki a nan shi ne hujjarmu, Gwaggo. In kin tashi ba mu da baki."

"Ɗakin fa? Kafintan ya dawo da ƙofar?"

"Wace ƙofa? Ƙofa ai tun bara..."

Ya kama bakinsa, amma magana zarar bunu ce. Gwaggo ta dube shi, ta dubi goshin da ta sha shafa wa mai. Shi kuma ya kasa haɗa ido da ita, sai ya huce a kan bango. Ya ɗauki fartanyarta ya bi tsagar yana ɓamɓare yaɓen, aikin mako guda ya zube ƙasa nan take. Da zai fita ya ce kada ta ƙara liƙewa, kada ta ƙara shara in ba inda take kwana ba, cittar nan ma ta rage sha.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Gwaggo ba ta taɓa zagin kamfani ba, ba su san ta ba, ba ta goye su ba. Abin da ya hana ta cin abinci ranar shi ne ƙofar nan da aka sa tun bara.

Kwanaki suka yi ta ja. Ta bar ƙura ta hau tsakar gida, ita da ko tsinke ba ta bari ya kwana. Takan ga sawunta ya tafi rijiya ya dawo, ba wani sawu a kai sai na ƙadangare. Tsagar ta buɗe fiye da da, har tana hango hasken waje daga shimfiɗarta. Tarin ya ƙaru, in ya kama ta sai ta durƙusa. Kaza ɗaya da ta rage mata, wadda take wa faɗa don ta ji muryar kanta, tifa ta bi ta kanta.

Sannan wata safiya Mai Usur ya zo babu tuta, babu hula.

"Gwaggo, sallama na zo yi. Sun kafa jiniya a kan tudu, sun ce ta fi ni ƙara, kuma ba ta karɓar albashi."

"To wa zai riƙa gaya mini?"

"In kin ji ta yi kuka, ki fita." Ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ki ce su zo su ɗauke ki mana. Ba ki da kowa ne?"

"Ina da su. Gida guda."

Ta raka shi har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya har ya ɓace. Daga ranar, in jiniya ta yi kuka ita kaɗai take zama a gindin mangwaro. Wani lokaci takan ce "Yau ma?" da ƙarfi, don kada bakinta ya manta.

Gab da damina Babba ya dawo da mai duba ɓarna. Wannan karon ba citta, ba kwalli. Ta tsaya a inda aka ce ta tsaya, kusa da tsaga, aka ɗauke ta hoto. Da matashin ya tambaye ta jiki, ta buɗe baki za ta ce lafiya, Babba ya yi gyaran murya, sai ta sunkuyar da kai ta bar tarin ya amsa. Kunya ta kama ta kamar an tuɓe mata zani a kasuwa.

Matashin ya ce gida kam ya gani, ba gardama. Amma gona ba za a ce ta mutu ba sai an shuka an ga bai fito ba. Babba ya raka shi, ya dawo da fara'a.

"Gwaggo, rabi ya samu. Saura gonar, ita ce mai tsoka. Ruwa na sauka ki shuka ko'ina, su zo su ga ba abin da ya tsiro. Ranar da suka gani, wallahi a motata zan kai ki, ki kwana gari."

"In kuma ya fito?"

"A wannan simintin? In ya fito ai sai wata shekarar. Amma ba zai fito ba."

Ruwa ya sauka, ta shuka. Ta so ta yi aikin ganin ido, hannunta ya ƙi. Hannun da ya yi shekaru yana shuka bai iya ha'inci ba: ta sara rami daidai, ta jefa iri, ta rufe da diddige, tana bismilla. Masara ta gonar gaba ba ta ko leƙo ba. Ta tona ta gani, ƙwayar ta tsiro ta yi ta dukan ɓawo daga ƙasa har ta naɗe ta ruɓe.

Sai dai akwai wani lungu a bayan katanga, inda ta yi shekaru tana zubar da toka da kashin kaji, katangar kuma ta tare malalen ruwan kamfani. Nan ta sa wake. Wata safiya ta zagaya, sai ga shi ya fasa ƙasa, layi-layi, kore shar. Rabon da ta ga kore irin wannan a gonar har ta manta. Ta durƙusa tana dariya ita kaɗai.

"Kai, 'yan banza! Ashe kuna nan?"

Ta sami abokan hira. Da gari ya waye wurinsu take fara zuwa, ta kaɗe musu ƙura da gefen mayafi, ta yi wa wanda ya ƙi girma gori, ta yabi wanda ya fara miƙa hannu. In jiniya ta yi kuka, kafin ta gudu sai ta rufa musu tsohon buhu. Ta san abin da Babba ya ce, amma ta ture shi gefe kamar yadda ake ture zancen mutuwa.

Ranar da take tsoro ta zo ta bakin wani direban tifa, wanda ya rage gudu ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Tsohuwa! Babba ya ce gobe da hantsi!" Ya wuce ya bar ta cikin ƙura.

Washegari da sassafe ta ɗauki fartanya ta zagaya bayan katanga. Waken ya sha raɓa, har wasu sun ɗaura fure. Ta tuna rani mai zuwa, da jiniya, da ƙofofi masu kwaɗo, da cin abinci ba mai cewa miƙo gishiri. Ta san ba za ta iya wata shekarar ba.

"Ku yafe ni," ta ce. "Ba ku yi mini komai ba."

Ta sara. Ta bi layi tana sarewa tana kuka, tari yana tsayar da ita, ta huta ta ci gaba. Ta tattara su ta binne, ta kwaso farin garin dutse a kwano ta barbaɗa a wurin don kada a gane an taɓa samun rai a nan. Tunda take ba ta taɓa sare abin da ta shuka yana ɗanye ba.

Da hantsi suka iso. Mai duba ɓarna ya zaga gonar, ya zaga bayan katanga, ya buga ƙasa da takalmi ya ɗauki hoto.

"Sannu, Mama. Ƙasar nan ta mutu."

"Ta mutu, ɗana. A hannuna ta mutu."

"Ka ji ko?" in ji Babba, bakinsa har kunne. "Ka ji da kunnenka!"

Suka yi musabaha a bakin mota. Gwaggo ta matso ta kama murfin ƙofar baya. Babba ya ɗora hannunsa a kan nata, a hankali, ya ɓamɓare yatsun.

"Gwaggo, kin yi ƙoƙari, Allah ya bar mana ke. Amma kin san halin kamfani, yarda daban, biya daban. In suka ji gidan ba kowa sai su yi ta ja mana rai. Ki ɗan ƙara haƙuri har abin ya shigo hannu. Ɗakinki na nan, ba inda za shi."

Mota ta tashi. Ta bi ta da kallo, kujerar baya ba kowa sai hular baƙo.

Masu fasa dutse ko ba komai sukan busa jiniya kafin su tarwatsa abu. Na gida ba ya busawa. Da gaisuwa yake zuwa, da ɗan buhun hatsi, yana cewa don amfanin kowa ne. Yau a gari ana yabon Babba, an ce ya tsaya tsayin daka ya ƙwato wa gidansu haƙƙi daga hannun kamfani, kuma duk wanda ya ci daga diyyar zai ce Allah ya yi masa albarka. Ba wanda zai tambayi da me aka yi cinikin.

Gari ya sake wayewa. Gwaggo ta tashi, ta yafa mayafi, ƙafarta ta ɗauke ta zuwa bayan katanga kamar kullum. Sai da ta kai kwanar ta tuna. Ta tsaya riƙe da gefen mayafin da ta ɗaga don kaɗe ƙura, ta rasa wa za ta ce wa ina kwana.